Kitso da Ƙwarƙwata: Ɗakin Motsa Jiki da Na'urar da Ba Ta Ɗaga Kai

A sababbin gidajen Gwarinpa, ko Malali, ko Nasarawa ta Kano, akwai wani ɗaki da iyayen masu gidajen ba su san irinsa ba. Galibi ɗakin baƙi ne aka sauya wa aiki, ko wani sashe na gareji. An shimfiɗa masa baƙar tabarmar roba, an kafa injin gudu kusa da taga, ga benci, ga ƙarafan ɗagawa a jere, ga madubi ya cinye bango guda. Likita ne ya yi wa maigida gargaɗi kan hawan jini, ko kuma uwargida ce ta gaji da neman wurin motsa jikin da babu maza, sai aka zuba kuɗi aka kawo abin cikin gida. Shawara ce mai kyau, babu mai ja da ita.

Abin ja shi ne baƙon da ya biyo baya: wata na'ura mai siffar faifai da 'yan tayoyi a ƙarƙashi, wadda ke fitowa daga mazauninta a lokacin da aka saita mata, ta zagaye ɗakin tana zuƙe ƙura tana jan jiƙaƙƙen tsumma, sannan ta aika wa wayar mai gida saƙon cewa aiki ya kammala. Masu sayar da ita suna alkawarin cewa mutum ya yi guminsa kawai, tsafta ta zama ruwan na'ura. Alkawarin rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka ɓoye shi ne wanda ya shafi lafiya.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Electrolux na Suwidin ya fitar da Trilobite kasuwa a 2001, sannan iRobot na Amurka ya fito da Roomba a 2002, wadda ta sa abin ya zama ruwan dare a can. Yau kamfanonin Sin irin su Roborock da Ecovacs da Dreame ne ke gaba, kuma nasu sun fi na farko wayo nesa ba kusa ba: suna auna ɗaki da hasken leza, su zana taswirarsa, su gane inda kafet yake su ɗage tsumma. Sai dai duk wannan ci gaba na shekara ashirin da 'yan kai bai sauya abu ɗaya ba. Tsayin na'urar bai wuce kimanin santimita 10 ba, kuma duk duniyarta a ƙasa take. A falo wannan ba aibi ba ne, domin yawancin dattin falo ƙasa yake sauka. Ɗakin motsa jiki kuwa ɗaki ne da ƙazantarsa mafi haɗari take zaune sama da gwiwa.

A duba inda jiki ke taɓawa. Bayan da ya jiƙe da zufa yana kwanciya a kan ledar benci. Tafin hannu yana damƙar mariƙin ƙarfe mai zane-zanen da aka yi don kada ya zame, kuma a cikin waɗannan ƙananan ramuka ne maiƙon jiki da mataccen fata ke taruwa. Akwai sirdin keke, akwai mariƙin injin gudu da maɓallansa, akwai tabarmar da ake kwanciya a kai fuska na gogarta, wadda da an gama ake naɗe ta da damshinta a jingine a bango. Ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urar shara ba ta taɓa kaiwa gare shi ba, ba kuwa za ta kai ba.

Masana lafiya sun daɗe da sanin abin da ke zaune a irin waɗannan wurare. Ƙwayar bakteriya da ake kira Staphylococcus aureus, wadda ke haddasa maruru da ciwukan fata masu mugunya, kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa ba tare da wata alama ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce nau'inta mai taurin kai da ke bijire wa magunguna, MRSA, yana iya rayuwa a kan tawul da kayan wasanni na sa'o'i, ko kwanaki, har makonni. A kakar wasa ta 2003, 'yan wasa 5 na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta St. Louis Rams sun kamu da ita, kuma binciken da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2005 ya nuna cutar ta shiga ne ta wuraren da fata ta goge. Gaskiya ne ɗakin gida ba ya tara jama'a kamar na ƙungiya, don haka haɗarinsa bai kai nasu ba. Amma benci ɗaya ne maigida da uwargida da saurayin ɗansu da ƙanin maigida da ya zo hutu suke kwanciya a kai, kuma makero ba ya tambayar dangantaka kafin ya tsallaka daga fata zuwa fata.

To a ce an bar maganar sama, a tsaya a ƙasan da na'urar ta ce nata ne. A nan ma akwai abin cewa, musamman kan abin da ake kira gogewa. Mai riƙe da mofa da bokiti yana danna ƙarfinsa inda ya ga tabo, ya matse dattin cikin ruwa, ya zubar ya sake wani. Na'urar kuwa tsumma take ja ko take juyawa, ana ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan, da nauyin da bai taka kara ya karya ba. Masu tsada suna komawa mazauninsu su wanke tsumman, wasu har da ruwan zafi, wanda hakan ya tsaftace tsumma ne, bai kashe komai a kan tabarma ba. Sannan akwai gargaɗin da ke cikin littafin umarni, wanda ba kasafai ake karantawa ba: kamfanonin sun hana a zuba bilic ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta a tankin, sai ruwa zalla ko ruwan wankin da suka amince da shi, domin sinadaran suna cinye robobi da bututun ciki. Wato Hypo da Izal da Dettol, waɗanda kowace mace mai tsafta ta san aikinsu, ba su da shiga. Ko da an yi kunnen ƙashi an zuba, maganin kashe ƙwayoyi yana bukatar ya jima a jiƙe a kan wuri na ɗan lokaci kafin ya yi tasiri, alhali siririn damshin da na'urar ke bari bushewa yake yi nan take, balle a iskar hunturu.

Inda bai bushe ba kuwa ya fi muni. Yawancin shimfiɗar waɗannan ɗakuna gutsattsarin roba ne ko soso da ake haɗawa baki da baki. Ruwan da ake ja a kansu kullum yana tsiyaya ta tsagun haɗin, ya kwanta a tsakanin roba da tayil inda iska ba ta shiga. Duk wanda ya taɓa ɗaga irin wannan tabarma a ƙarshen damina ya san warin da ke tarbarsa, ya kuma ga fumfunar. Ƙwayoyin da ke sa ƙaiƙayi da tsagewa a tsakanin yatsun ƙafa ba abin da suke so kamar ɗumi da damshi. Sai ga shi an sayi na'ura don tsafta, ta koma tana yi wa ƙazanta ban ruwa.

Wani abin ban dariya ma, sau da yawa na'urar ba ta yarda ta hau tabarmar ba. A ƙarƙashinta akwai idanu masu aika wani haske da idon mutum ba ya gani, su jira ya dawo. In bai dawo ba, sai ta ɗauka bakin matakala ta iso, ta ja da baya. Baƙin abu yana shanye wannan haske, kuma baƙar roba ce aka fi shimfiɗawa a ɗakin motsa jiki, don haka wasu na'urorin ke tsayawa a bakinta kamar jakin da ya ga rafi. Yawancinsu ba sa iya hawa tudun da ya wuce kimanin santimita 2, tabarmar ɗaga nauyi mai kauri kuma tana kaiwa nan. Igiyar tsalle da robar ja da aka bari a ƙasa suna naɗe burushinta. Ƙarƙashin injin gudu, inda ƙura ta fi taruwa kuma ta fi yi wa mota illa, ya yi mata ƙasa da yawa. Kafin a sake ta sai an tattara komai an ɗage, wanda shi ne rabin aikin shara tun asali.

Daga Nuwamba zuwa Maris kuma sai lissafin ya ƙara rikicewa. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, laushinta ya kai na hoda. Ba a takalmi take shigowa ba. A iska take zuwa, ta ratsa ragar taga, ta sauka a kan komai daidai wa daida: fikafikan fanka, saman madubi, allon injin gudu, labule. Da an kunna fanka an fara gudu sai ta sake tashi. Mutum a zaune yana shaƙar iska kimanin lita 6 a minti ɗaya, amma a tsakiyar motsa jiki mai tsanani adadin na iya haura lita 100, kuma galibi ta baki, inda babu gashin hanci da zai tace. Ɗakin da ƙasansa ke ƙyalli amma fankarsa ta yi kauri da ƙura, ga mai asma ko mai yawan mura, tarko ne. Na'urar tana kwashe abin da ya riga ya sauka a kan tayil, wannan gaskiya ne, amma akwatin ƙurarta bai kai rabin lita ba a yawancin samfura, matatarta kuma tana toshewa da sauri a irin wannan yanayi. Sabuwar matata da burushi ba a kowane shago ake samun su ba, sau da yawa sai an yi odarsu daga waje.

A nan ne ake zuwa ga tambayar da tallan ba ya so a yi: wa ke wanke mai wankin? Dole a zubar da akwati, a kakkaɓe matata, a yanke gashin da ya naɗe burushi, a wanke tsumma a shanya, a zubar da tankin ruwan datti kafin ya yi wari. A gidajen da ke da halin sayen wannan kaya, amsar sananniya ce. 'Yar aikin da aka ce na'ura ta zo ta hutar da ita, ita ce za ta durƙusa da almakashi tana ciro gashi, kuma in wani abu ya karye a kanta za a sauke. Aikin bai ɓace ba, wuri ya sauya, aka ƙara masa tsoron ɓata kaya mai tsada.

Akwai kuma batun ido. Samfura da dama suna da kyamara don gane abin da ke gabansu. A Disamban 2022 mujallar MIT Technology Review ta ba da rahoton yadda hotunan da wasu Roomba na gwaji suka ɗauka a cikin gidaje, har da na wata mata a makewayi, suka kai ga wasu rufaffun dandalin sada zumunta ta hannun ma'aikatan kwangila a Benezuwela da aka ba aikin tantance hotunan. Kamfanin ya ce na'urorin gwaji ne da aka ba waɗanda suka amince, ba na kasuwa ba. A karɓi wannan bayani. Duk da haka, matar da ta gina ɗaki a gidanta domin ta cire mayafi ta motsa jiki ba tare da idon kowa ba, ta cancanci a faɗa mata a fili cewa abin da ke yawo a ƙafarta yana da kyamara kuma yana haɗe da intanet.

Ba a ce na'urar ba ta da amfani ba. A faffaɗan falo mai tayil, a lokacin hazo, tana rage wahala ƙwarai, kuma ga tsoho ko mai ciwon baya da ba ya iya sunkuyo da tsintsiya, rahama ce. Ko a ɗakin motsa jiki tana iya kwashe yashi da gashi a sararin da ta iya kaiwa, in an cire mata tsumma. Laifinta na gaskiya yana cikin saƙon nan da take aikawa waya. Taswira ta cika da launi, an rubuta an gama, sai hankali ya kwanta, mutum ya daina duba ɗakinsa. A da, mai shara yana ganin tsatsar da ta fara cin ƙarfe, ya ji warin tabarma, ya lura ledar benci ta tsage soso ya fara shan zufa. Yanzu babu mai shiga da idon dubawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma wanda ake cewa a hutar da shi daga riƙe mofa, mutumin da ya gama ɗaga kilo 40 ne don neman lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ta kuma lissafa ayyukan gida a cikin abin da ke shiga ƙidaya. Abin da ɗakin ke bukata bai fi minti goma ba bayan kowane zama: tawul mai tsabta a kan benci tun kafin a kwanta, tsumma da ruwan sabulu a goge zufa, sannan a bi mariƙai da leda da maganin kashe ƙwayoyi a bar shi ya jima yadda aka rubuta a jikin kwalba, a shanya tabarmar kwanciya a buɗe maimakon naɗe ta. Sau ɗaya a mako a goge fanka da saman madubi da jiƙaƙƙen tsumma, a cire filogin injin gudu a share ƙarƙashinsa. Lokaci-lokaci, musamman da damina, a ɗaga robar ƙasa a jingine ta a inuwa har tayil ɗin ya bushe.