Ƙwallon Kwando a Arewa: A Rage Sayen Suna, a Bar Sarari a Aljihu

A watan Yunin shekarar 2025, ƙungiyar Oklahoma City Thunder ta lashe kambun gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, bayan ta doke Indiana Pacers a wasa na bakwai. Matasanmu na Takur da sauran unguwannin Dutse, waɗanda ke hana idonsu barci su bi wasannin a wayoyinsu da tsakar dare, sun fi mayar da hankali ga yawan ƙwallayen da Shai Gilgeous-Alexander ya jefa a kwando. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina yana cikin littafin kuɗin ƙungiyar, domin ta ci wannan kambu ne ba tare da ta biya harajin da gasar ke ɗora wa masu wuce gona da iri wajen biyan albashi ba. A wannan kakar kuma ƙungiyar Phoenix Suns, wadda ta fi kowa kashe kuɗi a kan 'yan wasa, ta ci wasa 36 ne kacal cikin 82, ko zagayen neman kambu ba ta kai ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake kafin mu dawo gida. A gasar NBA akwai iyakar da aka gindaya wa kowace ƙungiya a kan jimillar albashin 'yan wasanta, wadda a kakar 2025 zuwa 2026 aka tsayar a kan dala miliyan 154 da 'yan kai. Ana iya ƙetare ta bisa wasu sharuɗɗa, amma wanda ya yi nisa sai ya biya haraji mai nauyi, wanda ya ƙara nisa kuma, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023, sai a ɗaure masa hannu a kasuwa, ba zai iya haɗa albashin mutum biyu ya musanya su da babban ɗan wasa guda ba. Wannan ne ya tilasta wa Boston Celtics, zakarun 2024, rabuwa da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis shekara guda bayan sun ɗaga kofi. A ɗaya ɓangaren, matashin da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa yana shiga ne da kwantiragi na shekara 4 mai ƙayyadadden farashi, komai gwanintarsa. Saboda haka babu kadarar da ta kai matashi gwani wanda har yanzu yake kan albashin sabon shiga.

Oklahoma ta fahimci wannan tun a 2019, lokacin da ta bayar da tauraronta Paul George ga Los Angeles Clippers, ta karɓi Shai, wanda shekara ɗaya kacal ya yi a gasar, tare da wani ɗan wasa da kuma gurabe 5 na zagayen farko na zaɓen shekaru masu zuwa. Da ɗaya daga cikin guraben nan ta ɗauki Jalen Williams a 2022. Ta sha kashi na tsawon shekaru, aka yi ta yi mata dariya, amma ba ta ɗauki bashin da zai shaƙe ta ba. Da lokacin girbi ya zo kuma, a watan Yulin 2025, tana da sararin da za ta sabunta wa Shai kwantiragi na dala miliyan 285 a shekara 4. Amfanin tsimin ke nan, a samu abin biyan wanda aka rena ranar da ya cancanci a biya shi.

Wani zai ce, me ya haɗa dalolin Amurka da ƙwallon kwandon da ake bugawa a kan siminti a Dutse? Abin da ya haɗa su shi ne mu ma muna da iyaka, tamu ma ta fi tsanani. Su dokar gasa ce ta gindaya musu, mu kuwa kasafin kuɗin jiha ne, da kuma ranar da akanta ya ga damar sakin kuɗin. Manyan ƙungiyoyin da ke buga gasar Firimiya ta ƙasa a shiyyar Sabana, irin su Kano Pillars da Gombe Bulls, na gwamnatocin jihohi ne, kuma duk ƙungiyar da za ta ɗauki sunan Jigawa a wannan mataki daga baitulmali ɗaya za ta ci da asibitin Jahun da makarantun Kiyawa da Gwaram. Mai irin wannan aljihu ya fi attajiran Boston buƙatar lissafi.

Sai dai al'adar da muka saba gani a wasanninmu, na ƙafa da na kwando, akasin haka ce. Idan kakar wasa ta gabato, ko an samu gurbin gasar nahiya, sai a bazama neman sunaye. A ɗauko waɗanda suka yi tashe shekara biyar da suka wuce, a yi musu alkawarin kuɗin sa hannu mai kauri, a kawo ɗaya ko biyu daga ƙasar waje waɗanda sai da dala suke magana, a kira 'yan jarida a yi hoto da sababbin riguna. Kafin a kai tsakiyar kaka asusu ya ƙafe, alawus ya maƙale, motar tafiya wasa ba mai, wanda ya ji rauni a gwiwa yana neman kuɗin hoton ƙashi daga 'yan'uwansa. Ƙarshen kaka kowa ya kama gabansa, ƙungiya ta tashi ba kofi, ba ɗan wasa, sai bashi. Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya ana jajibirin Sallah a kasuwar Shuwarin ya san bambancin farashinsa da na wanda aka saya tun watanni aka turke a gida. Ba ina kwatanta 'ya'yan mutane da dabbobi ba ne, halin mai sayen nake nunawa. Batun dala kuwa ya ƙara muni tun daga Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, inda dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,500 a 2024. Alkawarin da aka ƙulla da dala a farkon kaka yana iya ninkawa kafin ƙarshenta ba tare da an ƙara ko kwabo a kasafi ba.

A matsayina na mai nazarin harshe, kalmar da muke amfani da ita ma tana da hannu a cikin matsalar. Muna cewa an sayi ɗan wasa, an sayar da ɗan wasa, kamar buhun gero. A haƙiƙa ba mutum ake saye ba, takardar yarjejeniya ce ke sauya hannu, wato sauran shekarun aikin da ya sa hannu zai yi. Ƙungiyar da ke ɗaukar 'yan wasanta da baki, ko da takardar kaka ɗaya, ba ta mallaki komai ba, don haka ba ta da abin musaya kuma ba ta da abin sayarwa. A ƙa'idar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ɗan wasa ba ya komawa wata ƙasa sai da takardar sallama daga hukumar ƙasar da ya baro, kuma ana iya hana takardar idan yana da kwantiragi mai rai. Wannan ƙa'ida ba ta amfanar wanda bai rubuta komai ba. Shi ya sa yaro zai tashi a filin Kano ko Zariya, a horar da shi shekara uku, wata safiya a ji shi a Abijan ko Alƙahira, ƙungiyar da ta rene shi ko tukwici ba ta gani ba.

Ba za a ɗora laifin duka a kan ƙungiyoyi ba. Kano Pillars ta lashe gasar ƙasa sau da dama, ciki har da 2016 da 2017, kuma a 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira. A 2017 ɗin ne hukumar ƙwallon kwando ta Nijeriya ta rabe gida biyu, aka yi zaɓe a Kano wanda ya bai wa Tijjani Umar shugabanci, washegari aka yi wani a Abuja wanda ya bai wa Musa Kida. Rikicin ya tafi da tallafin kamfanin Kwese, ya gurgunta gasar cikin gida shekaru, har ta kai a Mayun 2022 Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya, matakin da ta soke bayan 'yan makonni, amma ya riga ya jawo wa 'yan matanmu na D'Tigress asarar gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara. Tun da aka buɗe gasar BAL ta nahiyar Afirka a Kigali a 2021 har zuwa 2025, Rivers Hoopers ta Fatakwal da Kwara Falcons ta Ilori ne suka wakilci Nijeriya, babu ko ɗaya daga ƙasar Hausa. To amma gasar da ba a san ranar farawarta ba, ba a san wasa nawa za a buga ba, ita ce ma ta fi wajabta wa mai hankali kada ya ɗaure wuyansa da manyan albashi.

Su wa ya kamata a nema? A ganina, matashi mai shekara 19 zuwa 22 da ke zaune a benci a Kano ko Kaduna ko Jos ko Gombe, saboda wani babba ya tare masa wuri, ya fi kowa dacewa. Ya riga ya sha horo, ya san wahalar tafiya, abin da yake nema shi ne mintunan wasa, kuma ƙungiyarsa ba za ta tsawwala ba. Bayansa sai ɗaliban da ke buga wasannin jami'o'i, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello, inda Ba'amurken nan Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da yara. A Zariyar ne Masai Ujiri ya tashi, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kambun NBA a 2019 tare da Pascal Siakam ɗan Kamaru, da aka ɗauka a gurbi na 27, da Fred VanVleet wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a shekararsa. Idon da ya gano waɗannan a filin Samaru aka wasa shi. Jigawa kuma tana da abin jan hankalin da bai kai kuɗin sa hannu tsada ba: Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha. A ba yaro kwantiragin shekara 3, albashi na hawa kowace shekara, a ɗauke masa kuɗin makaranta idan ya cika sharuɗɗan shiga, a rubuta kason da ƙungiya za ta samu idan wata ta zo nemansa. Uban da ke ɗari-ɗari da wasa zai saurari wanda ya zo masa da maganar digiri.

Sai kuma a ware wani kaso na kasafin kaka, ni zan ce kashi ɗaya cikin biyar, a ƙi taɓa shi a farkon shekara. Da shi za a yi jinyar wanda ya ji rauni, da shi za a riƙe yaron da ya yi fice kafin wasu su zare shi, da shi kuma za a ɗauki mutum guda da ake buƙata idan an hango kofi.

Na san za a ce mini arha ba ta ado, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne yara zalla ba sa cin gasa. Ita kanta Oklahoma, a bazarar 2024, sai da ta bayar da matashinta Josh Giddey ta karɓo Alex Caruso, gogagge mai shekara 30, ta kuma ɗauki Isaiah Hartenstein da kuɗi masu yawa. Abin lura shi ne lokacin da ta yi hakan, bayan gini ya kai linta, kuma da kuɗin da ta tanada. Dattijo biyu ko uku da za su koya wa yara natsuwa a mintunan ƙarshe sun wadatar, ba goma ba.

Ƙorafin da ya fi damuna daban ne. A bakin wasu shugabannin wasanni, kalmar matashi mai arha na iya zama lasisin cin gumin 'ya'yan talakawa. Sabon shiga a Amurka yana karɓar kaɗan ne idan an gwada da taurari, amma kaɗan ɗin a rubuce yake, yana zuwa a ranarsa, akwai ƙungiyar 'yan wasa da ke tsaye a kansa. A nan kuwa dokar ƙasa ta 2024 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, kuma ban ga hujjar da za ta sa ƙungiyar da gwamnati ta mallaka ta biya ɗan wasanta ƙasa da haka, ko ta biya shi wata huɗu a shekara ta ce sauran hutu ne ba. Akwai kuma cutar rage shekaru, wadda za ta rusa dukan lissafin, domin wanda ya ƙulla shekara 3 da mai 19 alhali 27 gare shi ya sayi tsohon kaya da sunan sabo. Takardar kammala firamare da rajistar jarrabawar sakandare sun fi rantsuwar kotu wuyar murɗawa, a riƙa neman su.

Babban cikas dai shi ne wa'adin siyasa. Kwamishina na son kofin da zai kai wa gwamna kafin a yi garambawul, shirin shekara uku kuwa wataƙila magajinsa ne zai ci moriyarsa. Nan ne nake ganin aikin Majalisar Dokokin jiha. Duk ranar da jami'an wasanni suka zo kare kasafinsu, a tambaye su 'yan wasa nawa ne ke da rubutaccen kwantiragi da ya wuce kaka ɗaya, nawa ne shekarunsu ba su kai 23 ba, nawa ake bin ƙungiya bashin albashi da alawus na bara, kuma nawa ya rage a asusu ranar da aka buga wasan ƙarshe. A buƙaci amsoshin a rubuce, a kuma ba manema labarai kwafi kafin a amince da kasafin shekara mai zuwa.