Lambar girma: wa ke tunawa da masu tsaya wa talaka a gaban shari'a?

Duk shekara in 18 ga Disamba ta kewayo, ranar da Nijar ta zama jamhuriya a 1958, hankali yakan koma kan ma'aikatan da ƙasa ke maƙala wa lambar girma a ƙirji. Mu mutanen jihar Maraɗi mun ga shagalin wannan rana a ƙofar gida a 2015, lokacin bikin Maraɗi Kwalliya. Abin farin ciki ne mutum ya yi shekara talatin ko fiye yana yi wa ƙasa aiki, ƙasa kuma ta ce masa sannu da ƙoƙari tun yana da rai. Amma in an gama tafi an naɗe tabarmi, akwai tambayar da ke rage mana a nan Madarumfa. Wanda ya raka bazawara gidan shari'a don kada gonar marayunta ta salwanta, ko wanda ya tsaya wa yaron da aka kama ba shi da kowa, shi wa ke rubuta sunansa?

Bari mu fara da wadda duk ƙasa ta sani. A 2009, lokacin rikicin tazarce, Salifou Fatimata Bazeye ce ke shugabancin Kotun Tsarin Mulki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da shugaba Mamadou Tandja ya kira ƙuri'ar raba gardama da ita. Ranar 29 ga watan aka rushe kotun, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, sojoji kuma suka kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairun 2010. A mulkin riƙon ƙwarya an sake kiranta ta shugabanci majalisar da ke duba tsarin mulki, daga baya jaridar Daily Trust ta Abuja ta zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta shekarar 2011. Jama'a na tuna hukuncin rana guda, amma kafin ranar nan ta yi kusan shekara talatin tana alƙalanci. Wanda bai saba faɗin gaskiya a shari'ar akuya ba, ba zai iya faɗinta ran da aka kawo masa shari'ar kujerar mulki ba. Shi ya sa in za a girmama ma'aikaci, tsawon aikin ake dubawa, da yadda ya riƙe amana a ranakun da ba kowa ke kallonsa ba.

Misali na biyu ya fi kusa da rayuwar ƙauye. Hadijatou Mani, ƴar yankin Ƙonni a jihar Tawa, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240, aka mai da ita wahayya. Ta samu takardar ƴanci a 2005, amma da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata wata shida na kaso, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ita da lauyoyi da wasu ƙungiyoyin waje suka kai maganar gaban Kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare ƴarta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan goma. A 2009 aka karrama Hadijatou a Amurka da lambar mata masu jarunta, kuma ta cancanta. Sai dai mu tuna, macen da ba ta shiga lakkol ba, ba ta san inda ƙofar wannan kotu take ba sai da wani ya kama hannunta. Ilguilas Weila, wanda ya daɗe yana jagorancin Timidria, an ba shi lambar yabo a Ingila a 2004, shekara ta zagayo aka tsare shi a gidan kaso a nan gida. Haka aikin yake, yabo da wahala tare suke tafiya.

Dalilin da ya sa muka tado wannan magana yanzu shi ne, tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Kowa da ra'ayinsa a kan ficewar, kuma ba ita muke tattaunawa yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne hanyar da Hadijatou ta bi ba ta nan kamar da. Wanda aka zalunta yau, kotunan gida zai dogara da su, daga ƙaramar kotun Madarumfa zuwa babbar kotun Maraɗi har sama. Nauyin ya dawo kan alƙalan gida da masu taimaka wa talaka ya kai kukansa gabansu.

A takarda, ƙasa ta yi tanadi. Dokar 14 ga Disamban 2011 ta kafa hukumar ANAJJ, mai ba da agajin shari'a, kuma tana da ofis a manyan kotuna, har da ta Maraɗi. Shawara da bayanin doka kyauta ne ga kowa. Samun mai kare mutum a gaban alƙali kuwa an tanade shi ga marasa hali, da wasu rukunin mutane da dokar ta ambata, kamar yara ƙanana, naƙasassu, matan da aka ci wa zarafi, da matan da ke neman kuɗin ciyar da yara ko rabon gado. Matsalar ita ce mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, tafiyar kilomita sama da 600 daga nan. Don cike giɓin ne ake naɗa mutanen da ba lauyoyi ba su kare wanda ake tuhuma, waɗanda a faransance ake taƙaita sunansu da DCO. Galibinsu malaman makaranta ne da ma'aikata, wasu masu ritaya. A gefensu akwai masu wayar da kai kan doka da ƙungiyoyi irin su ANDDH da ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar suka horar. Akwai kuma dattawan da ke zama kusa da alƙali suna yi masa bayanin al'ada in shari'ar aure ce ko gado ko gona.

Waɗannan su ne mutanen da muke magana a kansu, kuma kowa a Gabi, Safo, Sarkin Yamma, Jiratawa da Ɗan Isa ya san irin matsalolin da ke kai mu wurinsu. Mutum ya tafi ci-rani Kano ko Legas, ya bar gona jingina da baki kawai, ya dawo bayan shekara goma a ce masa sayarwa ya yi. Miji ya rasu, dangi su raba gona kafin matar ta gama takaba. Ɓarayin daji su kore shanu ta wajen dajin Baban Rafi, a zo kame, a haɗa da yaron da kiwo kawai ya fita. Irin wannan yaro, in babu wanda ya san inda za a tambaya da takardar da za a nema, sai ya yi watanni a tsare ba a saurare shi ba. Wallahi a irin wannan rana, tsohon malamin da ya san hanyar kotu ya fi ɗan'uwa mai kuɗi da ke nesa amfani.

Haka abin yake a rikicin ƙasa. Manyanmu ba su manta da abin da ya faru a Toda ba, can wajen Gidan Rumji, a Oktoban 1991, inda faɗan manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da 100, mafi yawansu mata da yara. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ce ta kawo kwamitocin filaye da muke kira Kofo, tun daga matakin gunduma har ƙauye. Sakataren Kofo da ya yi shekara ashirin yana rubuta takardar saye da ta jingina, yana bin burtali yana kafa alama kafin damina, babu mai iya ƙirga faɗan da ya hana, tunda faɗan da bai auku ba ba ya shiga labarai. Nan ne tsarin karramawa ke da rauni. Wanda aikinsa ke da hayaniya ana ganinsa, wanda ya kashe wuta tun tana hayaƙi kuwa sai ya tsufa ba a san ya yi komai ba.

Mun san abin da wasu masu sauraro za su ce: lamba ba ta cika tukunya. Gaskiyarsu. A baya, an yi shekara da shekaru masu ritaya a ƙasar nan sai bayan wata uku suke ganin fansho, kuma haɗa takardun ritaya kansa yakan sa dattijo zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Yamai. Malaman kwantaragi, waɗanda su ne mafi yawa a azuzuwan firamare, wasu kan yi shekaru masu yawa ba su shiga sahun cikakkun ma'aikata ba. Wanda aka naɗa ya kare wani a kotu, sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake zuba wa babur mai. In aka ba irin waɗannan takardar yabo alhali haƙƙinsu na maƙale, yabon ya zama izgili. Don haka matakin farko na girmamawa shi ne a biya mutum abin da ya yi wa gumi a kan lokaci, ba sai ya durƙusa wa wani ba.

Ƙorafi na biyu shi ne son kai wajen zaɓe. In lamba ta koma ta abokin mai mulki, darajarta ta zube har ga wanda ya cancanta. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga misali a 2008, lokacin da lauya Gani Fawehinmi, wanda ya shafe rayuwarsa yana kare talakawa kyauta, ya ƙi karɓar lambar ƙasa da gwamnatin Umaru Musa Ƴar'aduwa ta ba shi, don bai gamsu da yadda ake tafiyar da ƙasar ba. Maganin wannan bai da wuya. A faɗi dalilin kowace lamba a bainar jama'a: shekara nawa mutum ya yi, a ina, me ya aikata. A kuma tambayi waɗanda aka yi wa aikin. Matan kasuwar Madarumfa sun san unguwarzomar da ba ta taɓa tambayar ko dala ba kafin ta karɓi haihuwa, ba sai an kafa kwamiti daga Yamai ba.

Duk da haka ba mu yarda a ce karramawa aikin banza ce ba. Yaran da ke lakkol yau suna kallo. In suka ga wanda ya riƙe gaskiya ya ƙare a wulaƙance, wanda ya ci amana kuma ana yi masa kirari a wurin biki, sun koyi darasi, kuma mu za mu sha sakamakonsa ran da suka zauna kujerar alƙali ko ta likita. Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Dolen nan har da amfanin mai yabon a ciki.

To me za mu iya yi da hannunmu? Ma'aikatar magajin gari da sarakuna za su iya ware rana guda a shekara, a kira mutum biyu ko uku daga kowace ƙaramar hukuma, a faɗi aikinsu a gaban jama'a. Hukumomin gunduma su riƙa tura sunayen irin waɗannan sama in lokacin ba da lambobin ƙasa ya zo. A zaunar da matasa kusa da tsofaffin sakatarorin Kofo da masu kare mutane a kotu, su koyi aikin tun masu shi na da ƙarfi, don yawancin abin da suka sani a ka yake, kamar iyakar gonar wane da yadda aka sasanta wane da wane.

Ku kuma ƴan'uwa da ke Katsina, Kano, Abijan, Libiya ko Saudiyya, kuna da rawar takawa. Kuna aiko da kuɗin masallaci da na rijiya, Allah ya saka. Ku tuna da dattijon da ya tsaya kan gonar gidanku ba ku nan. Ku kira shi a waya, ku aika masa da goron salla, in ƙungiyarku ta ƴan gari na da asusu ku sa kuɗin man babur ɗinsa a lissafi. Sannan duk wanda ya bar gona a hannun wani, ya sa a rubuta a gaban mai gari da Kofo, a ajiye takardar wuri mai kyau. Wanda kuma ke da ɗan'uwa a tsare ba shi da mai kare shi, ya je babbar kotun Maraɗi ya tambayi ofishin ANAJJ, in an bukaci takardar shaidar rashin hali ya nema a ma'aikatar magajin gari. Allah ya ba dattawanmu lafiya, ya sa mu gode musu tun suna jinmu.