Ƙofar shiga a wangale, ta fita a ƙuntace

A kowace kasuwa ta ƙasar Damagaram, mai sayar da ƙilishi kan miƙa wa baƙo ɗanɗano. In ya yi masa daɗi ya saya, in bai yi ba ya wuce abinsa, babu mai bin sa bashi. Masu ƙera manhajojin waya sun ari wannan al'ada, amma da yawansu sun sauya mata hali. Ɗanɗanonsu shi ne kwanakin gwaji na kyauta. Da wa'adi ya cika, sai a shiga cirar kuɗi kullum ko duk wata, ba tare da an sake neman yardar mai waya ba. Daɗin shiga da saurin rajista duk ƙira ce aka yi da gangan, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Lamarin ya shafi Guci da sauran ƙauyukan Dungas da Magarya ƙwarai. Tun shigowar Celtel Nijar a 2001, salula ta bi lungu-lungu har ta zama kayan aikin ɗan kasuwa. Da ita yake jin kuɗin dabbobi a Maigatari kafin ya kama hanya, da ita yake karɓar saƙon ɗansa da ya tafi ci-rani. Akasarin masu wayoyin nan ba su karanta Faransanci, balle Ingilishi, ga shi kuwa da waɗannan harsuna ake rubuta sharuɗɗan biya. Mutum ya danna maɓalli yana son jin wa'azi ko kallon fim, ashe ya sa hannu a yarjejeniyar da bai san abin da ta ƙunsa ba.

A ɗauki misalin hidimar da ke cin dala 10 a rana, wato sefa 50. A ido ba komai ba ne. A wata kuwa sefa 1,500 ke nan, a shekara 18,250, fiye da jika 18. Malamin makaranta mai jiran albashi da mai ɗan tebur a bakin tasha sun san nauyin wannan kuɗi. Da yayyafi kogi kan cika, kuma mai manhaja ya san lissafin tun kafin ya buɗe ƙofa.

Neman riba da manhaja sana'a ce halattacciya. Wanda ya ƙera ta yana biyan ma'aikata, yana kuma biyan rumbun da ke rarraba ta: a 2022 Google ya mayar da kasonsa na kuɗin biyan wata-wata zuwa 15 cikin 100. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana sayar da shirye-shiryenta ta manhaja, masu so suna biya da saninsu. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana sun samu karɓuwa a Nijar ne saboda mai aikawa ya san ladan da zai biya kafin kuɗinsa su tafi. WhatsApp kuwa ya soke dalar Amurka 1 da yake nema a shekara tun 2016, bisa hujjar cewa dimbin masu amfani da shi ba su da katin banki. Darasin a bayyane yake ga samarin Damagaram masu burin wannan sana'a: abokin cinikin da ya san abin da yake biya shi ne mai dawowa.

A tsallaken iyaka an riga an ɗauki mataki. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe saƙonnin talla, sa'an nan a 2018 ta hana kamfanoni sabunta wa mutum biya ba da izininsa ba. Ƴan kasuwar bakin iyaka masu riƙe da layukan ƙasashen biyu sun san da haka.

Nijar ma tana da hukumarta, ARCEP, wadda aka kafa a 2018, kuma kare masu amfani da waya yana cikin nauyin da doka ta ɗora mata. Tun da kundin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da za a ci gaba da ƙulla ciniki da talaka cikin harshen da ba ya ji. Ya kamata a wajabta faɗin kuɗin da Hausa, kuma da murya, kafin a ciri ko dala guda. A tuntuɓi mai waya duk sa'ad da wa'adi ya ƙare. A kuma samar da lamba ɗaya, ta kyauta, wadda kowa zai danna ya ga abin da ake cire masa, ya dakatar da shi nan take. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ma'aikata su ya fi cancanta su kai wannan kuka gaban mahukunta, domin aljihun membobinsu ne ke yoyo.