Kalma ba ta tafiya ita kaɗai

Kai mai bin Real Madrid ko Barcelona a Facebook, ka sha cin karo da kalmar "partido". A Sifaniyanci tana nufin wasan ƙwallo. Tana kuma nufin jam'iyyar siyasa, wani lokacin ma abin da aka raba. In ma'ana ɗaya ka haddace, sai labarin majalisa ya zame maka labarin La Liga.

Kar ka ce yaren ne mai wuya. Dubi "ci" ɗinmu: a gidan kallo na Rabah Madrid ta ci, a Achida kasuwa ta ci, a Goronyo ɗan takara ya ci zaɓe, a Wurno an ci tuwon shinkafa. Ko yaro ba ya ruɗewa, don jimlar yake saurare gaba ɗaya.

To, haka za ka yi wa baƙon yare: riƙa koyon kalma a cikin jimlarta. Manhajar fassara takan ɗauko ma'anar da ba ita ba, balle in guntun zance ka ba ta. Kafin ka tura wa jama'a, karanta maganar har ƙarshe. Ranar da kuskuren ya bazu, wallahi babu mai zagin manhaja, sunanka za a kira.