Hadiman Da Ke Jin Amshi Su Bar Baiti

A ranar 19 ga Satumba, 1984, Shugaba Ronald Reagan ya tsaya a garin Hammonton na jihar New Jersey yana neman wa'adi na biyu, ya ambaci mawaƙi Bruce Springsteen a matsayin muryar kyakkyawan fata ga matasan Amurka. A lokacin waƙarsa "Born in the U.S.A." ta cika gari. Da alama masu rubuta wa shugaban jawabi amshi kawai suka ji da rugugin ganguna. Baitocin kuwa labarin ɗan talaka ne da aka tura yaƙin Biyetnam, ya rasa ɗan'uwa a can, ya dawo gida ya nemi aiki a matatar mai aka ce masa babu. Kuka ne aka ɗauka kirari.

An sake kwatawa a 2020, lokacin da John Fogerty ya aika wa kwamitin kamfen ɗin Donald Trump takardar gargaɗi kan sanya "Fortunate Son" a gangami, alhali waƙar ta 1969 suka ce ga yadda 'ya'yan manya ke zille wa fagen daga a tura na marasa gata.

Laifin irin wannan abin kunya ya fi rataya a wuyan hadimai. Su ne kunnen maigida, kuma hadimin da ya saba kai abin da ke da daɗin ji kawai, haka zai yi da rahoton ma'aikata da koken 'yan fansho.

Sauran masu sauraro ma ba su tsira ba. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka rungumi kiɗan karkarar Amurka hannu biyu: Jim Reeves, Don Williams, Kenny Rogers da Dolly Parton sun daɗe a kaset da rediyo, ana ɗaukarsu abokan hutun ƙarshen mako. Gaskiya ne akwai soyayya da kewar gida da tsoron Allah a cikinsu. Amma a ƙarƙashin wannan sanyin murya akwai zancen gumi da bashi.

Merle Travis, ɗan mai haƙar kwal daga Kentucky, shi ya tsara "Sixteen Tons", wadda Tennessee Ernie Ford ya ɗaukaka a 1955. Kamfanonin kwal na wancan zamani kan biya lebura da takardar da ba ta ciwuwa sai a kantinsu, su kuma yanka farashin da suka ga dama. Mutum ya wuni a rami ya fito bashinsa ya ƙaru, har ya ji ko mutuwa ba shi da izinin yi. Ma'aikacin da ake zaftare wa kuɗin rance kafin albashi ya iso hannunsa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, ba ya buƙatar tafinta.

Ita ma "9 to 5" ta Dolly Parton, wadda ake rausaya da ita a wajen biki, koken ma'aikatan ofis ne da ake cin moriyar basirarsu a hana su ƙarin girma. An yi ta ne domin fim ɗin 1980 da ya samo asali daga ƙungiyar mata sakatarori da akawu mai suna 9to5, wadda aka kafa a Boston a 1973 domin neman adalci a albashi da mutunci a wurin aiki.