Daga Gotar Nima Zuwa Teku: Amanar Kunkuru

Iyayenmu na Nima da Maamobi ba su manta da tsohon gidan namun daji na Kanda ba, wanda ya faro a zamanin Kwame Nkrumah. A 2006 aka kwashe dabbobinsa zuwa Kumasi domin gina fadar shugaban ƙasa, daga baya aka sake buɗe shi a dajin Achimota. A yau aikinsa ya wuce na kallo. Ƙungiyar WAPCA, wadda gidajen namun daji na Turai suka kafa a 2001 bisa jagorancin na Heidelberg da ke Jamus, tana kiwon birai masu shirin ƙarewa a can, irin su mangabe mai farar ƙeya, domin su hayayyafa kada irinsu ya ɓace.

Amma akwai dabbar da keji ba zai cece ta ba, wato kunkurun teku. Iri 3 ne ke hawowa gaɓar Gana su yi ƙwai, musamman a wajen Ada da Songor. Uwar takan fito da dare, ta haƙa rami a yashi, ta binne ƙwanta, ta koma ruwa. Bayan kamar wata 2 sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi teku, kaɗan ne daga cikinsu ke kai girma. Tun 1971 doka ta hana kama su da ɗibar ƙwansu, kuma ma'aikatan gandun daji kan yi sintiri a gaɓar lokacin ƙwai.

To, ina ruwanmu, mu da ba masunta ba? Ruwanmu kuwa har tsundum. Babbar gotar unguwarmu tana zuba a kogin Odaw, shi kuma ya bi ta Korle ya faɗa teku. Ledar da muka yar a gota can za ta. Mafi girman kunkuran nan yana cin wata halittar ruwa mai santsi da ke kama da leda. Idan ya haɗiyi ledar, tana iya toshe masa hanji ya mutu. Ita ce kuma ledar da ke toshe gota ta jawo mana ambaliya da damina.

Saboda haka, ya ku iyaye, mu tara shara a inda ya dace, mu je kasuwa da kwando, kada mu sayi ƙwan kunkuru ko ƙoƙon bayansa. Mu kai yara Achimota su gani da idonsu. Dabba amana ce, kuma abin da babba ya yi shi yaro ke koyi. Allah ya ba mu ikon riƙewa.