Yarinyar da Gida Ya Gagare Ta Zama: Riƙo Za Ta Sauya, Ba Gudu Ba

A ɗauka yarinya ce 'yar shekara 16 a Tsafe, tana aji biyu na babbar sakandare. Duka a gidansu ya wuce na tarbiyya, har ya fara barin tabo. Abin da zai fara zo mata a rai shi ne ta hau motar Gusau ta ɓace. Wannan ce mafi munin hanyoyin da ke gabanta, domin ranar da ta bar gida ba tare da sanin wata hukuma ba, ranar karatunta ya tsaya, kuma duk wanda ya ba ta masauki ana iya kai ƙararsa a ce ya ɗauke 'yar mutane.

Dokar Najeriya ba ta san tsarin da wasu jihohin Amurka ke da shi ba, inda kotu kan 'yantar da matashi daga ikon iyayensa. Abin da take bayarwa shi ne sauya hannun da ke riƙe da shi. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ba kotu ikon ɗauke yaron da ake cutarwa ta miƙa shi ga ɗan'uwa ko wani amintacce, kuma jami'in jin daɗin jama'a ko ɗan sanda na iya gabatar da maganar. Zamfara ta daɗe ba ta karɓi wannan doka ba, sai a 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta jihar.

Sai dai ƙofar da ta fi kusa da talakan Bungudu ko Tsafe ita ce ta alƙali, kuma ta girmi waɗannan dokoki nesa ba kusa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke hukunci da ita daga littattafai irin su Risala da Mukhtasar Khalil, renon 'ya mace bayan rabuwar iyaye ko rasuwa yana ci gaba har ta tare a gidan miji. Uwa ce a gaba, sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa. Amana sharaɗi ce ga mai riƙo, cutarwa kuwa dalili ce ta karɓe riƙon. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ciyarwa tana nan a wuyan uba ko da yarinyar ta koma gidan kakarta. Lauya ko ɗan'uwan da ya tsaya mata ya kamata ya roƙi alƙali ya ambaci kuɗin makaranta da na jarrabawa a cikin hukuncin, kada a bar su ga fatar baki.

Hanyar tana da ramuka biyu. Waliccin aure bai bi riƙo ba, yana nan hannun uba, don haka idan auren dole ne tushen rikicin sai an kai wannan gaban alƙali daban. Namiji kuma renonsa yana ƙarewa da balaga, wajibcin ciyar da shi ma yana faɗuwa idan yana iya nema. Ya fi 'yar'uwarsa sauƙin fita, amma ya fi ta kusa da rasa kuɗin karatu.

Da can makarantar kwana ce ke raba wannan gardama a shiru: yarinya ta tafi zango guda, zukata su huce. Sace ɗalibai 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da rufe makarantun kwana da ya biyo baya, sun sa iyaye da dangi tsoron wannan mafita. Saura makarantar jeka-ka-dawo, wato sai an sami gidan da za a kwana.

Takardu su ne ke kayar da yawancin masu ƙaura. Ilimi kyauta kuma na tilas a dokar UBE ta 2004 ya tsaya ne a aji uku na ƙaramar sakandare. Rajistar WAEC tana buƙatar makin gwajin da tsohuwar makaranta ta tara, JAMB kuwa tun 2021 ba ta rajista sai da lambar NIN. Shi ya sa shugabar makaranta ta cancanci ta ji labarin kafin kowa: ita ce shaida, ita ce kuma mai ba da takardar sauya makaranta. Daga nan sai sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Gusau, ko Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa don marasa hali.

A zahiri mafi yawan irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe a zauren mai unguwa ko ofishin Hisbah suke ƙarewa, da sulhu. Sulhu alheri ne, amma wanda ake yi da “a yi haƙuri, uba uba ne”, a mayar da yarinya ɗakin da ta fito da tabo, sallamar masu ƙara ne kawai. Wanda zai amfane ta shi ne wanda aka rubuta, aka faɗi gidan da za ta zauna, da wanda zai biya kuɗin zango mai zuwa, da ranar da za a sake duba lafiyarta, sannan aka kai wa alƙali ya sa hannu.